Taimako Goma Sha Uku da Orest Pawluk Bai Rubuta Ba

Shekara talatin da huɗu Orest Pawluk ya yi yana auna alkama a rumbun hatsin garin Velmar. Motar manomi ta hau sikeli da kayanta, ya rubuta. Ta juye, ta sake hawa wayam, ya rubuta. Ya cire wannan daga wancan. A duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin wanda ya ce Orest ya ƙara masa ko ya rage masa ko da cikin tafin hannu ba. A ƙauyukan lardin Saskatchewan, inda kowa ya san nauyin motar maƙwabcinsa, wannan ba ƙaramar shaida ba ce. Tun yana saurayi aka san shi da haka, shi ya sa a hunturun 1968, da mai rubuta makin ƙungiyar matasan garin ta hoki, wasan ƙwallo da sanda a kan ƙanƙara, ya yi ƙaura, ba a tsaya wata doguwar shawara ba. Aka miƙa wa Orest fensir da takarda, aka nuna masa kujerarsa a ɗan akwatin gilashin da ke bakin ƙanƙara. Yana da shekara ashirin da bakwai a lokacin. Bai bar kujerar ba sai da ya kai sittin da takwas.

A gefensa Merv Lasko ke zama yana kula da agogon wasa. Merv makanike ne, bakinsa ba ya hutawa, kuma shi kaɗai ne a garin yake iya faɗa wa Orest duk abin da ya ga dama.

Idan an ci ƙwallo a hoki, suna uku ne ke iya shiga takarda: wanda ya jefa ta raga, da wanda ya miƙa masa, da wanda ya miƙa wa mai miƙawar. Kowannensu maki ɗaya. Biyun farko alƙalin wasa kan gan su, ya sulalo bakin gilashi ya faɗi lambobin rigunansu. Na ukun kuwa, wanda ake kira taimako na biyu, sau da yawa alƙali kan ɗaga kafaɗa ya ce wa mai rubutu, "Kai ka gani?" To, a nan al'adar take. A kowane fili na yankin mai rubutu ɗan gari ne, kuma in gurbin ya tashi babu kowa, sai ya cika shi da lambar wani yaron gida da ya ga yana kusa da wurin. Ba wanda ke kiran wannan ƙarya. Kyautar gida ce, kowa na yi, kowa ya san ana yi.

Orest ne kawai ba ya yi. Abin da idonsa bai gani ba, fensirinsa ba ya rubutawa.

"Sa wa ɗan Doreen mana," Merv zai ce, yana zungurinsa da gwiwar hannu. "Ai sandarsa ta taɓa."

"Iskar sandarsa dai ta taɓa."

"Kai, Allah ya kiyaye ranar da za a ba ka gadin ƙofar Aljanna. Uwarka ma sai ta zo da shaidu biyu."

"Kula da agogonka, Merv. Daƙiƙa huɗu ka cinye wa mutane kana surutu."

Katunan da suka sa aka san sunansa har ƙetaren iyaka, a Amurka, gardama ce ta haife su. Wata safiya a 1971, a shagon shan kofi, manoma suka rabu gida biyu a kan wani ɗan wasan gaba mai shekara goma sha bakwai. Waɗannan suka ce zai yi nisa, waɗancan suka ce ya yi gajarta da yawa. Orest ya saurare su har kofinsa ya huce, ya lura cewa babu ko mutum ɗaya a teburin da ya san abin da ya faru da yara masu irin tsayin nan da irin makin nan a shekarun baya. Ya koma gida ya fara rubuta wa masu rubutun sauran garuruwa wasiƙa, yana roƙon kofen tsofaffin takardunsu.

Kowane ɗan gaba kati ɗaya. A fuskar katin akwai shekarunsa, tsayinsa, nauyinsa, wasannin da ya buga, ƙwallayen da ya ci, taimakon da ya bayar. Bayan shekara biyar Orest kan juya katin ya rubuta da jan biro inda yaron ya ƙare: jami'a, ko ƙungiyar ƙwararru, ko gonar ubansa. In an tambaye shi wani sabon yaro, sai ya zaro katunan waɗanda suka yi kama da shi a daidai wannan shekarar, ya jera su a tebur, ya kife su, ya ƙirga jan rubutu. Bai taɓa cewa yaro zai kai ko ba zai kai ba. Cewa yake, "Irinsa goma sha biyu na gani. Uku suka kai."

Da farko kwalayen takalmi ne ma'ajiyarsa. Da aka rufe makarantar firamaren ƙauyen da ke kusa, ya sayo kabad ɗin ɗakin karatunta mai aljihu talatin, ya sa a ɗakin ƙasa kusa da tukunyar ɗumama gida. Matarsa Lorna takan ce ita ce matar da ta fi kowace mace yawan 'ya'ya maza a lardin, sai dai duk na takarda ne, ba mai kwashe mata dusar ƙanƙara a ƙofar gida. Kafin shekarun tamanin su ƙare, masu horarwa na wasu ƙananan jami'o'in Amurka sun koyi lambar wayarsa. Jami'a kan ɗauki yaro ya buga mata wasa shekara huɗu, ita kuma ta ɗauke masa nauyin karatu. Mai horarwar da ba zai iya tuƙin awa tara don ya ga yaro sau goma ba, sai ya gan shi sau biyu, sannan ya kira Orest.

'Ya ɗaya suka haifa, Gayle. Gayle ta haifi Rylan Wiebe a 1985.

Rylan bai taɓa zama yaron da 'yan kallo ke miƙewa dominsa ba. Ba dogo ba ne, bugunsa ba mai ƙarfi ba. Aikinsa a lungun fili yake, inda manyan yara biyu ke matse mutum a jikin katako. Zai shige tsakaninsu, ya fito da ƙwallon, ya tura wa wanda ke kusa, wannan ya tura wa mai ci. Kafin jar fitila ta kunnu a bayan raga, idon kowa ya riga ya bar kansa. Orest ke kiransa Ɓera, saboda wannan shige-shigen lungu. Shi kuma yana kiransa Gido, yadda jikokin 'yan asalin Yukren ke kiran kakanninsu, in kuma yana neman tsokana ya ce masa Sikeli.

"Sikeli, nawa ne nauyina yau?" zai ce, yana shigowa kicin ɗin Lorna ya ɗauki perogi, ɗan curin fulawa mai dankali a ciki, daga kasko da hannu.

"Rabin abin da kake ci. Ajiye wannan, na baƙi ne."

"Su wa?"

"Mutanen da ke wanke hannu."

Yana da goma sha bakwai ya shiga ƙungiyar garin. A wasansa na farko a gida, cikin Oktoban 2002, ya tono ƙwallo daga lungu, biyu suka taɓa, aka ci. Alƙali ya zo ya faɗi lamba biyu, ya ce, "Na ukun fa?" Orest ya gani sarai. Ya sa bakin fensir a takarda ke nan sai wani manomi daga benci na uku, wanda ya sha giyarsa tun a mota, ya ɗaga murya yadda duk filin zai ji.

"Rubuta, Orest! Jika ya zo, yau sikeli zai koyi kyauta!"

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. Merv ma ya dara. Orest bai yi ba. Kunnuwansa suka yi ja, ya ɗaga fensirin, ya ce wa alƙali, "Ban tabbata ba." Gurbin ya tafi babu kowa.

Tun daga ranar ya kafa wa kansa wata doka da bai faɗa wa kowa ba. Ga sauran yara, in ya gani ya rubuta. Ga Rylan, sai in alƙali da bakinsa ya faɗi lambar. Yana ganin wannan adalci ne, har ma yana jin daɗin kansa a kai. Lorna ce ta fara lura, don ita a benci take zama kusa da Gayle, wadda ke ɗaukar kowane wasan gida da kyamarar bidiyo.

"Orest," ta ce masa wata Lahadi suna dawowa daga coci, "yaron nan kana auna shi da wani dutse daban."

"Dutse ɗaya gare ni."

"To ka dube shi da kyau. Ina ganin ya yi nauyi a gefe guda."

"Kin fi son a ce na cusa wa jikana maki?"

"Na fi son a ce ka rubuta abin da ka gani. Ba shi ne abin da kake taƙama da shi ba?"

Ya kunna rediyon motar, aka shiga farashin alkama.

A kakar wasa ta biyu, yana da goma sha takwas, Rylan ya buga wasa hamsin da huɗu. Ya ci goma sha tara, taimako ashirin da biyu, maki arba'in da ɗaya. Orest da hannunsa ya cika katin.

Wata safiyar Talata cikin Maris na 2004 wayar kicin ta yi ƙara. Koci Halvorson ne, mutumin da ya shekara goma sha biyar yana kiran gidan daga wata ƙaramar jami'a a ƙetaren iyaka.

"Orest, gurbi ɗaya ya rage mini, yara biyu nake dubawa. Ɗaya ɗan gaban nan na arewa mai maki hamsin da biyu. Ɗayan jikanka ne. In ka ce wannan karon ba ka da bakin magana, wallahi ba zan ga laifinka ba. Sai in bi idona."

Lorna na tsaye a bakin murhu, ta daina juya abin da take juyawa.

"Kati ba shi da jika," in ji Orest. "Ba ni minti goma."

Ya sauka ɗakin ƙasa. Ya zaro 'yan gaba masu shekara goma sha takwas, masu tsayin ƙafa biyar da inci goma ko kusa da haka, waɗanda makinsu ya tsaya wajen arba'in a wasa hamsin da wani abu. Kati goma sha huɗu. Ya kife su. Jan rubutun da ya ce jami'a, biyu. Ya zaro na masu kama da ɗan arewan, waɗanda ke samun kusan maki ɗaya a kowane wasa. Kati goma sha tara, jan rubutu goma sha ɗaya. Ya ɗaure kowane rukuni da roba, ya hau sama, ya faɗi lambobin kamar yana karanta nauyin mota.

Halvorson ya ce, "Ka san idona na son yaron. Sau biyu na gan shi, duk wanda aka haɗa shi da shi sai ya zama kamar ya fi yadda yake."

"Sau biyu ka gan shi. Ni fiye da sau ɗari. Ga abin da takarda ta ce."

"To. Ai ba wanda zai ce ka yi son kai."

Wannan kalmar ta yi wa Orest daɗi. Ya daɗe yana tuna cewa ta yi masa daɗi. Da ya ajiye wayar, Lorna ta kashe murhu ta fita, ba ta ko ɗauki rigar sanyi ba, ta tsaya a baranda har sai da ya kai mata.

Ɗan arewan ya tafi jami'a, ya buga shekararsa huɗu, yau likitan haƙori ne. Rylan na da sauran shekara biyu da zai iya bugawa a ƙungiyar matasa, kuma yara da yawa a shekarun nan biyu ne ake ganinsu. Amma da aka buɗe atisaye a Satumba bai zo ba. Ya ce gwiwarsa ce. Ya kama aiki a mahaƙar kanwar taki da ke da nisan rabin awa daga gari, yana sauka ƙarƙashin ƙasa da asuba. Bayan shekara biyar Orest ya juya katinsa ya rubuta da ja: mahaƙa. Tsakaninsu ba abin da ya canja da ido zai gani. Rylan na zuwa cin abincin Lahadi, yana satar perogi. Sai dai ya daina ce masa Sikeli, kuma Orest ya ɗauka girma ne ya zo.

Merv ya rasu a 2011. Lorna ta bi shi a bazarar 2015. Da hunturu ya kama, Gayle ta ga mahaifinta na yini a kujera ba ya ko buɗe labule, sai ta kwashi tsofaffin kaset ɗinta ta kai birni aka mayar mata da su faifai, ta kawo masa. Nufinta ya ji muryar Lorna, don tana nan a cikinsu tana ihu tana zagin alƙalai.

Ya sa na farko don muryar. Amma mutumin da ya shekara arba'in da ɗaya yana rubuta maki ba ya iya kallon wasa hannu wofi. Kafin a tafi hutun farko ya jawo fensir da bayan ambulan.

A bidiyo ana iya tsayar da wasa, a koma baya. A wasa na uku ya ga Rylan ya shiga lungu, ya fito da ƙwallo, ya tura, aka tura, aka ci. Ya sauka ƙasa ya ɗauko kofen takardar ranar. Gurbi na uku babu kowa. Ya ce a ransa ɗaya ce, kowa na kuskure. A wasa na biyar ya ga biyu.

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana kallon wasannin gida ashirin da bakwai na kakar nan. Ya ƙirga, ya sake daga farko, ya kuma sakewa. Amsar ba ta motsa ba. Taimako goma sha uku, a fili, ba na shakka ba, ba na iskar sanda ba. Kuma da yake Gayle a benci mai fuskantar akwatin gilashi take zama, duk sanda aka ci ƙwallo kyamararta kan bi alƙali zuwa wurin. A tara daga cikin goma sha ukun ana ganin Merv ya juyo yana nuna lambar Rylan da yatsu, ana kuma ganin wani mutum mai furfura da hular ulu yana girgiza kai.

Arba'in da ɗaya da goma sha uku, hamsin da huɗu. Maki hamsin da huɗu a wasa hamsin da huɗu.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, bai ma buƙaci bidiyon ba. Tun shekarun tamanin yake raba taimako gida biyu a ƙasan kowane kati, na gida da na waje, don tsabar son cika aiki, bai taɓa amfani da shi ba. Ya duba na Rylan: a waje goma sha biyar, a gida bakwai. Ya jawo aljihun kabad ya zaro kati ɗari ba zaɓe. Casa'in da shida cikinsu na gida ya fi na waje yawa, don kowane gari na yi wa 'ya'yansa kyauta. Duk katunan da ya jera Rylan da su, fensir mai sakin hannu ne ya rubuta makinsu. Shi kuwa ya ɗauki yaron da aka tauye wa nasa ya aza a gefensu, ya ce sikeli ɗaya ne. Lambobin nan biyu suna ƙasan katin a safiyar da Halvorson ya kira, da rubutun hannunsa, babban yatsansa na kansu.

Kowace Asabar da hantsi Rylan kan zo ya kwashe masa dusar ƙanƙara a ƙofar gida. Yana da shekara talatin yanzu, kafaɗunsa sun buɗe, gashin gabansa ya fara ja da baya. Asabar biyu Orest ya ba shi kofi ya sallame shi bai ce komai ba. A ta ukun, da Rylan ya shigo yana buga takalmansa a tabarmar ƙofa, ya tarar da katuna jere a teburin kicin.

"Gido, kar dai ka ce mini ka koma sana'a. Wa za mu yanka yau?"

"Zauna, Ɓera."

Ya zauna. Orest ya tura masa bayan ambulan ɗin, taimako goma sha uku a jere, kowanne da ranarsa da mintin da abin ya faru. Ya faɗa masa komai bi da bi, tun daga manomin benci na uku, bai tsallake girgiza kan ba. Daga ƙarshe ya ce, "Akwai kuma wata waya da aka yi mini a Maris ɗin shekarar."

"Na san da wayar."

Orest ya ɗago.

"Halvorson ya kira ni a ranar da yamma. Mutumin kirki ne, bai so in ji a bakin wani ba. Ya ce, 'Ɗana, idona na sonka, amma katunan kakanka sun ce irinka biyu ne cikin goma sha huɗu.'" Rylan ya juya kofinsa a kan tebur. "Ban taɓa manta lambar ba. Har a lif ɗin mahaƙa nakan tuna ta."

"Ka ce gwiwarka ce."

"Gwiwata lafiyarta lau. Da ita nake kwashe maka dusa."

"To me ya hana ka komawa? Shekara biyu fa suka rage maka."

"Gido, da Halvorson ne ya ce ban isa ba, da na ce bai sani ba. Da kocin ƙungiyarmu ne, da na ce ƙiyayya ce. Amma kai ne. Tun ina yaro nake jin ana cewa in Orest Pawluk ya faɗi nauyi, ko sikelin ne ya saɓa masa to sikelin za a kai gyara. Me zan koma in yi? In ɓata wa mutane ƙanƙara?"

"Ba ka taɓa jin kamar ana rage maka ba?"

"Ina ji mana. Wani lokaci in fito daga wasa in ce yau ina da biyu, in duba takarda in ga babu. Sai in ce to, ni ne nake ganin kaina da yawa." Ya ɗan yi dariya ta hanci. "Kowane yaro na zaton ya taɓa ƙwallon."

Rylan ya jawo ambulan ɗin ya bi ranakun da yatsa a hankali. A ta takwas ya tsaya.

"Wannan na tuna ta. Haƙorina ya karye a lungun nan."

"Ta yi kyau," in ji Orest. "Ta fi duk sauran kyau. Na gan ta a ranar."

Rylan ya kalli taga na ɗan lokaci. Motar kwashe dusa ta gari ta wuce ta sake toshe bakin hanyar da ya gama buɗewa.

"Da an rubuta su, ina zan faɗa?"

Orest ya tura masa ɗaurin na biyu. Robar ta bushe tun tuni, ta tsinke da ya taɓa ta. "Nan. Goma sha ɗaya cikin goma sha tara."

"Ba duka ba ke nan."

"Ba duka ba."

"To ka gani. Wataƙila da ina cikin takwas ɗin." Ya faɗa ne don ya sauƙaƙa wa tsohon, su biyun kuma sun san haka. Orest bai karɓa ba.

"Wataƙila. Amma da kai za ka gano, ba ni zan gaya maka ba."

Ya ɗauki biro, ya ja layi ɗaya a kan arba'in da ɗaya yadda za a iya karanta ta, ya rubuta hamsin da huɗu a sama, ya sa kwanan wata da harufan sunansa, kamar yadda ake gyara takardar wasa. Huɗun ta fito a karkace. Sannan ya aza katin a kan goma sha taran. Rylan ya miƙa hannu ya kife shi. Jan rubutun na nan: mahaƙa.

"Ka san abin da ka yi yanzu?" ya ce. "Ka ɓata wa bayin Allah lissafi. Da goma sha ɗaya ne cikin goma sha tara. Yanzu cikin ashirin."

"Haka yake."

"Kai dai, Sikeli."

Shekara goma sha biyu rabon da Orest ya ji sunan. Rylan ya miƙe, ya shanye sauran kofinsa a tsaye, ya sa safar hannu, ya ce bari ya sake buɗe hanyar kafin ta daskare. A bakin ƙofa ya juyo ya tambaya ko zai iya tafiya da faifan da wasa na takwas ɗin ke ciki. Orest ya ce ya ɗauka duka. Ya ce a'a, wannan kaɗai.

Kabad ɗin na nan a ɗakin ƙasa har yanzu. Ba mai kira, don masu horarwa sun koma na'ura tun da daɗewa. A ƙarshen hunturun nan Orest ya bi katunan 'yan Velmar ɗaya bayan ɗaya, ɗari biyu da shida, duk yaran da suka buga a gaban fensirinsa, ya rubuta a kusurwar kowanne cewa makin gida na wannan kati ba a yi masa kyauta ba, a kula kafin a gwada shi da wani. Waɗansu daga cikin masu katunan sun riga sun yi jikoki. Na Rylan kaɗai ne ke da gyaran lamba, don shi kaɗai uwarsa ta ɗauki bidiyo.